Ƙarnin Kifi a Babi na Huɗu

Sau uku Dakta Mogaka yana dawo min da babi na huɗu, wato na sakamakon bincike, kuma duka ukun ban ga alamar ya wuce shafi ɗaya ba. Shi ne malamin da aka ɗora wa duba kundin bincikena a shekarar ƙarshe ta digirin harkokin kuɗi, ni da wasu ɗalibai arba'in da biyu. In bai sa hannu a kundin ba kafin Juma'ar ƙarshen Oktoba, ba zan shiga gaban kwamiti ba, sunana kuma ba zai fito cikin waɗanda za a yaye a Disamba ba, sai dai in jira wata shekarar. Ni kuwa shekara huɗun nan da yajin aikin malamai ya mayar biyar sun riga sun ishe ni. Na gaji da layin rajista, na gaji da waken kantin makaranta, na gaji da amsa wa dangi tambayar yaushe za a gama. Ga mahaifiyata tun watan Agusta ta miƙe a coci a Ugunja, garinmu da ke yankin Ugenya, ta shelanta cewa Aluoch ɗinta za ta sa hular gama digiri a Disamba, har matan ƙungiyarsu sun fara cinikin motar da za ta kawo su Kisumu.

Batun binciken ba wani sabon abu ba ne. Kowace shekara rabin aji shi suke yi: shin horon da ƙungiyoyi ke ba ƙananan 'yan kasuwa kan sarrafa kuɗi yana ƙara musu riba? Sana'a da gari kawai ake canzawa. Wani ya ɗauki masu gyaran babur na Kakamega, wata ta ɗauki masu kitso na Kericho. Ni na ɗauki matan da ke sayar da omena a kasuwar Kibuye, 'yan mitsi-mitsin kifin nan na tafki da ake shanyawa a rana. Fom tamanin ake so, kowanne da tambaya ashirin da biyu.

A sashenmu, in ka ji an ce wane ya fita tattara bayanai, kada ka wahalar da kanka, leƙa gindin mangwaron da ke bayan laburare. Nan za ka tarar da su biyar-biyar, shida-shida, da biro shuɗi da baƙi da ja da fensir, suna cike wa juna fom. Wani ya rubuta da hagu don rubutu ya bambanta, wata ta ɗiga shayi a gefen takarda. Ba wanda ke wani ɓoyewa. Jerop, wadda muke ɗaki ɗaya tun aji biyu, a yammaci ɗaya ta gama da masu kitson Kericho ɗinta ba tare da ta taka tashar mota ba.

"Ke Aluoch, kawo naki mu haɗa a wuce wurin," in ji ta. "Birona da sauran tawada."

"Kasuwa zan je."

"Wace kasuwa? Cefane ya ƙare ne?"

"Wurin matan. In tambaye su."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ikon Allah. To sannu, uwar masu gaskiya. In kin dawo ki taho mana da tsaraba."

Ba wai na fi su tsoron Allah ba ne. Wata cuta ce da ni tun ina ƙarama: in aka ce a yi abu, sai in ɗauka da gaske ake nufi.

Mako shida na yi ina zirga-zirga tsakanin aji da Kibuye. Makon farko ba wadda ta saurare ni. Wasu sun ɗauka daga ofishin haraji nake, wasu sun ɗauka tallafi na zo rabawa, da suka gane ba ko ɗaya sai suka juya min baya. Wadda ta buɗe min ƙofa ita ce Min Okoth, wata dattijuwa mai faɗin kafaɗa da ke riƙe da rumfar farko a layin masu kifi. Ita ce ke raba faɗa a layin, kuma yawancin faɗan ita ke tayar da shi.

"'Yar Ugenya," ta ce da ni, don ta riga ta tambayi garinmu da sunan kakana, "wannan takardar taki za ta sa a gyara mana rufin rumfa?"

"A'a, Mama. Ta makaranta ce."

"To ba ta da amfani ke nan. Zauna ki tsince min wannan tiren. Baki na magana, hannu na aiki."

Haka na zauna a kan bokiti ina tsince ƙananan dodon koɗi da yashi daga cikin kifi, fom a kan cinya. Da muka zo tambaya ta tara na karanta mata: bayan horo ribarki ta ƙaru. Aka ce ta zaɓi ɗaya cikin gidaje huɗun da aka zana a takardar: na yarda ƙwarai, na yarda, ban sani ba, ban yarda ba.

Ta tuntsire da dariya har sai da ta dafa ƙirji. Ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira. "'Yar Seme! Zo ki ji. Wai horon nan na otal ya ƙara mana riba?"

"Ni dai ya ƙara min," in ji 'Yar Seme daga rumfarta. "Kwana ukun da kika tafi shan shayi, ai ni na sayar wa masu sayenki."

"Kin ji ɓarauniya ko? Har yau biyu daga cikinsu ba su dawo ba." Ta juyo gare ni. "'Yata, rubuta. An ba mu shayi da fanke, an ba mu biro da littafi, wani yaro mai taye a wuya ya ce mu raba kuɗin gida da na jari. To madalla. In rana ta fito kifi ya bushe, akwai riba. In hadari ya zauna kwana uku, kifi ya yi laushi, sai masu abincin kaji su saya yadda suka ga dama. In farin wata ya yi, kifi ya ƙi zuwa wurin fitila, masunta su dawo da kwalekwale fayau. In aka yi rasuwa a dangin miji, ki raba kuɗin gida da na jarin in gani. Wane gida ne na wannan a takardarki?"

Babu gidansa. Na rubuta a gefen takarda da ƙananan baƙaƙe. Daga ranar layin ya karɓe ni, kowace sai na yi mata tsinta kafin ta amsa, kuma kusan kowace sai ta ba ni abin da ba shi da gida. Wasu sun ƙi faɗin abin da suke samu, suka ce ko mijinsu bai sani ba balle takarda. Na bar wurin a buɗe. Na yi baƙi, tafin hannuna ya yi kaushi, 'yan ajinmu suka riƙa matsawa in na zauna. Amma ranar da na cike fom na tamanin, na hau matatu, ƙaramar motar hayarmu, da jakar leda a ƙirji ina jin kaina kamar wadda ta haifi ɗa namiji.

Na kai wa Oyoo. Shi ne mai shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta, kuma duk wani babi na huɗu da aka rubuta a sashenmu cikin shekara goma ta hannunsa ya bi. Akwai wata lamba da kwamfuta ke fitarwa a ƙarshen lissafi. In ta faɗo ƙasa da biyar cikin ɗari, an ce ka gano wani abu. In ta haura, to abin da kake nema bai nuna kansa ba. Tawa ta fito sittin da ɗaya.

Oyoo ya kalli allon, ya kalle ni, ya ɗaga fom ɗaya da yatsa biyu ya shinshina.

"Ƙanwata, wa ya aike ki kasuwa?"

"Ba haka aka ce a yi ba?"

"Haka ake cewa. Ni dai tun da na buɗe shagon nan ban taɓa ganin sittin da ɗaya ba. Ki ba ni minti goma in daidaita miki."

"Bar min kayana yadda suke."

"To. Ranar da kika gaji, ina nan. Ba na zuwa ko'ina."

Na rubuta babin yadda ya fito. Na ce a wurin waɗannan matan ba a ga horo ya ƙara riba ba, na kuma ware shafi huɗu na zuba abin da suka faɗa game da rana da wata da zaman makoki. A raina har ina tsara yadda Dakta Mogaka zai ɗago kai ya dube ni.

Samun Dakta Mogaka ma aiki ne. Yana koyarwa a nan, yana koyarwa a reshen jami'ar da ke Kisii, Asabar kuma yana wani wurin da ba ya so a sani. Ofishinsa na gaskiya shi ne saman motarsa a wurin ajiye motoci, nan muke tare shi kamar masu talla. Karon farko ya buɗe jadawalin, ya ga lambar, ya ce in sake lissafi. Na sake, ta fito yadda take. Karo na biyu ya ce in je in tsaftace bayanaina. Na koma ɗaki na bi fom tamanin ɗaya bayan ɗaya, na gyara wurare biyu da Oyoo ya shigar ba daidai ba. Lambar ta koma hamsin da takwas.

Karo na uku ranar Laraba ce, saura kwana tara. Na zo masa da jakar fom ɗin gaba ɗaya na ɗora a kan motar. Ya ja da baya saboda ƙarni.

"Aluoch, littattafai nawa kika kawo a babi na biyu?"

"Talatin da ɗaya, Dakta."

"Me suka ce?"

"Sun ce horo na ƙara riba."

"Ke kuma a babi na huɗu kin ce a'a. Ke da mutum talatin da ɗaya, wa ya fi sani?"

"Ba ni na ce ba, Dakta. Matan ne. In ka duba shafi na—"

"Ba ni da lokacin shafi." Ya sauke murya, ya shafa fuska. A lokacin na lura idanunsa jajur suke, kuma akwai kundaye sun fi ashirin zube a kujerar baya. "Saurara, 'yata. Ni ma na gaji. In na sa hannu a wannan, kwamiti zai yi kaca-kaca da ke, a ce kin kasa gano komai, ni kuma a ce ban duba ba. Taimakonki nake yi. Na ce ki tsaftace bayananki. Ba ki da ƙawaye ne a ajin nan?"

Bai ce in yi ƙarya ba. Ba wanda ya taɓa cewa kowa ya yi ƙarya a sashen nan, shi ya sa abin ke tafiya lami lafiya. Ya shiga mota ya ja, na tsaya da jakata a rana.

Da yamma mahaifiyata ta kira. Ba ta tambayi karatu ba, ta ce tela na son awon kafaɗata, kuma kawuna ya ware rago. Na ce to. Ta ce muryata wani iri, ko zazzaɓi ne. Na ce gajiya ce, kuma ban yi ƙarya ba. Na kwana biyu ina juya abin. Na tuna akwai shugaban sashe, sai na tuna shi ma ɗalibai hamsin gare shi. Na tuna wata shekara guda a garin nan, da rigar da tela ya ɗinka tana rataye a ɗakin mahaifiyata, da matan coci suna tambayarta. Ƙarfin da na ji a matatu ranar nan na neme shi sama da ƙasa na rasa. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi.

Ranar Asabar da hantsi na buga sababbin fom tamanin a shagon Oyoo. Bai yi min gori ba, Allah ya saka masa. Jerop ta kira 'yan ajinmu Wafula da Moraa da wata ƙawarta, muka zauna a gindin mangwaro.

"Maraba da dawowa gida," in ji Wafula, yana gwada biro a tafin hannu. "Yau su wa muke? Masu kifi? To ni tsohuwa ce mai 'ya'ya tara, na yarda ƙwarai da komai."

"Kada ku cika yarda ƙwarai," in ji Jerop. "Ku riƙa jefa ban sani ba jefi-jefi. Kowane fom goma a samu mai taurin kai ɗaya, kamar Aluoch."

Aikin da ya ci min mako shida, kafin a tashi cin abincin rana an gama shi. Suna ta raha, ni ma har na yi dariya sau ɗaya ko biyu, abin da ya fi ba ni haushi ke nan in na tuna. Da muka tattara, Moraa ta ce takardun sun yi tsabta da yawa, ba mai yarda sun je kasuwa. Jerop ta ce wannan mai sauƙi ne. Ta karɓi jakar ledata, ta cusa sababbin a tsakanin na gasken, ta ɗaure bakin tamau.

"Zuwa Litinin sun ɗauki ƙarni," ta ce. "Kin ga wahalarki ba ta tafi a banza ba."

Lambar ta fito biyu cikin ɗari. Na cire shafi huɗun nan, na rubuta cewa horo na ƙara riba ƙwarai, na ba da shawarar a ƙara yawan horo. Ranar Talata Dakta Mogaka ya buɗe jadawalin a kan motarsa, ya gyaɗa kai, ya sa hannu da makullin mota a ɗaya hannun.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu kika yi bincike."

Ranar kare kundi mu sittin ne a baranda, kowa da kwat ɗin aro da kwalin fom ɗinsa. Minti bakwai ake ba kowa. Ni ce ta ashirin da bakwai, Jerop na bi na. Da na shiga na tarar da mutum uku a bayan tebur: shugaban sashe yana danna waya, Dakta Mogaka, da wata tsohuwa mai furfura da tabarau da fulas ɗin shayi a gabanta. Ita ce Farfesa Nabwire, mai jarrabawa da ake gayyatowa daga wata jami'a, kuma makin ƙarshe a hannunta yake.

Na karanto abin da na haddace. Ba ta dube ni ba, tana ta juya shafuka. Ta jawo kwalin, ta zaro fom uku ta duba, ta mayar. Sannan ta cire tabarau ta murza idanu.

"Omena," ta ce. "Uwata shekara talatin ta yi tana shanya omena a bakin tafkin nan, can wajen Sio Port. Da kuɗinsa na yi karatu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana kirana nan. Masu babur, masu kitso, masu kayan miya, yau ga masu kifi, duk bakinsu ɗaya, sai ka ce fasto ɗaya ya yi musu wa'azi. Ina ta jiran ranar da ɗalibi ɗaya zai shigo ya ce, Farfesa, na je na tambaya, lambar ta ƙi, amma ga abin da mutanen suka faɗa. Ranar zan ba da makin da ban taɓa ba kowa ba, kuma ni da kaina zan nema masa gurbin digiri na biyu. Na kusa ritaya ban gan shi ba."

Dakta Mogaka ya sunkuyar da kai yana gyara takardun gabansa.

Sai a lokacin ta dube ni sosai. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuwana da ke kan tebur.

"Ke kin yi kama da wadda ta sha rana. Faɗa min tsakaninki da Allah, 'yata. Cikin mata tamanin, ba ko ɗaya da ta faɗa miki abin da ba shi da gida a takardar nan?"

Bakina ya cika da magana. Muryar Min Okoth na nan a kunnena, kalma bayan kalma. Amma a shafin farko na kundin da ke gabanta akwai sa hannuna, ƙarƙashin rantsuwar cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne, da na Dakta Mogaka a ƙasa. A cikin kwalin akwai rubutun Jerop da Wafula da Moraa da ɗayar, kuma hukuncin ƙirƙirar bayanai kora ne, ba maimaita shekara ba. Jerop na bayan ƙofar nan da kwat ɗin yayarta. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan minti ɗin ba, kuma ba na fatan in sake.

"Babu, Farfesa," na ce. "Duk abin da suka faɗa yana cikin kundin."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta mayar da tabarau, ta rubuta harafi ɗaya a takardar gabanta, ta ture kundin kan tulin ashirin da shidan da suka riga ni.

"Kin wuce," ta ce, tana tsiyaya shayi. "Turo mana na gaba."

Na ɗauki kwalina na fita, na riƙe wa Jerop ƙofa ta shiga.